Yadda Dattijo Zai Fara Motsa Jiki a Gida, Mataki-Mataki

Tambayar da ake yawan turowa ita ce: likita ya ce wa Baba ya riƙa motsa jiki, shi kuwa tun da ya yi ritaya daga ɗaki sai masallaci, ta ina za a fara? Wata kuma ta ce Hajiya gwiwa ta sa ta gaba, har salla a kan kujera take yi, me za ta iya? Amsar da aka saba bayarwa ita ce a riƙa tattaki. Tattaki yana da kyau ga zuciya da hawan jini da sukari, amma shi kaɗai ba ya ba cinya ƙarfin da za ta ɗaga mutum daga tabarma, ba ya kuma koya wa ƙafa tare jiki idan an yi tuntuɓe. Abin da ke kwantar da tsofaffi da yawa faɗuwa ce guda ɗaya da karayar kwatangwalo.

Shi ya sa ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020 ga masu shekara 65 zuwa sama ta kasu uku: motsi mai ɗan sa haki na minti 150 zuwa 300 a mako, atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako. Wannan inda ake son kaiwa ne. Wanda ya shekara yana zaune ba daga nan zai fara ba.

Mataki na 1: Awo kafin komai

A auna hawan jini bayan mutum ya zauna ya huta minti biyar. Idan ya kai 180/110 ko ya wuce, ba a motsa jiki a ranar, asibiti za a nufa a daidaita magani. Mai ciwon sukari ya auna sukarinsa kafin ya fara, musamman a makonnin farko.

Akwai waɗanda sai sun ga likita tukuna: wanda ya taɓa samun ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, mai jin nauyi ko zafi a ƙirji idan ya yi tafiya, mai haki ko yana zaune, mai kumburin ƙafafu, mai ciwon ƙoda, wanda ya taɓa suma, wanda ya faɗi fiye da sau ɗaya a cikin shekara, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, har da aikin yanar ido. A tafi da duk magungunan da ake sha a leda, a tambayi likita abin da aka yarda a yi da wanda aka hana.

Gargaɗi a kan magani: maganin hawan jini irin atenolol da danginsa suna rage gudun zuciya, don haka ƙirga bugun zuciya ba zai nuna wa mai shan su ko ya wahala ba. Maganin hawan jini mai sa fitsari yana ƙarar da ruwan jiki da wuri, ga jiri idan an miƙe da sauri. Allurar insulin da ƙwayar glibenclamide, wadda aka fi sani da Daonil, suna iya faɗar da sukari ana cikin tafiya. Mai amfani da su, idan awo ya nuna ƙasa da 100 mg/dL, wato 5.6 a injin da ke awo da mmol/L, ya ɗan ci wani abu kafin ya fara, kuma kada ya fita ba ƙwayar sukari huɗu ko dabino uku a aljihunsa.

Mataki na 2: Kaya da wurin yi

Ba a buƙatar injin ko ɗaya. Ana neman kujerar katako ko ta ƙarfe mai ƙarfi, wadda tsayinta daga ƙasa ya kai kamar santimita 43, yadda in an zauna tafin ƙafa zai kwanta a ƙasa kuma cinya ta miƙe daidai. A jingina bayanta da bango. Kujerar roba ba ta yi: tana zamewa a kan tayil, ƙafafunta suna buɗewa, kuma ta sha rana tana iya fashewa ba sanarwa. Kushin ɗin falo mai lotsawa ma ba ta yi.

Nauyin ɗagawa yana nan a gida. Gorar ruwa mai santilita 75 cike da ruwa ta kusa kilo ɗaya, mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce, ledar fiya wata rabin kilo. In an cika gora da yashi nauyinta ya ƙaru da kamar rabi. Tsohon tiyub ɗin keke daga wajen mai faci yana maye gurbin robar ja da ake sayarwa da tsada.

Abin da zai ci kuɗi takalmi ne, kuma a nan bai kamata a yi rowa ba. A nemi kambas mai rufe diddige, mai ƙasa mara santsi, ko da na gwanjo ne, muddin ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba. A gwada shi da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safa a ƙafa, a bar filin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmin. Silifas ɗin wanka yana cikin abubuwan da ke kayar da tsofaffi. Abu na biyu da ya cancanci kuɗi shi ne na'urar awon jini mai ɗaurawa a dantse, ta fi ta wuyan hannu gaskiya.

A share wurin: a naɗe darduma da ledar ɗaki mai naɗewar baki, a kawar da wayar caji da buta da kayan wasan jikoki. Mai ciwon sukari ya zazzage takalminsa kafin ya sa, ya duba ƙafarsa bayan ya cire, har tsakanin yatsu, domin ƙafar da ta daina ji tsakuwa na iya huda ta bai sani ba.

Mataki na 3: Gwaji uku, a rubuta sakamako

Wani ya tsaya kusa da agogon waya.

Na farko, a zauna a kujerar nan, a harɗe hannuwa a ƙirji, a miƙe tsaye sosai a koma a zauna, a ƙirga sau nawa aka yi a sakan 30. A ma'aunin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ke amfani da shi, namiji mai shekara 65 zuwa 69 da ya yi ƙasa da 12, ko mace da ta yi ƙasa da 11, ƙafarsu ta yi rauni. A shekara 75 zuwa 79 ma'aunin 11 ne ga maza, 10 ga mata. Wanda bai iya tashi sai ya dafa, a rubuta sifili, ba abin kunya ba ne, daga nan zai fara.

Na biyu, a auna mita 3 daga kujera a sa alama. A tashi, a je, a juyo, a dawo a zauna da tafiyar da aka saba. Sakan 12 ko fiye yana nuna haɗarin faɗuwa.

Na uku, a tsaya kusa da bango, a sa ƙafa ɗaya gaban ɗaya, diddige na taɓa yatsu. Wanda bai kai sakan 10 ba, Mataki na 7 ne ya fi shafarsa.

Mataki na 4: Ɗumama jiki

Minti biyar, kullum, kafin komai. A taka a wuri ɗaya ana ɗaga gwiwa kaɗan-kaɗan, a juya kafaɗu baya sau goma, a juya idon sawu, a buɗe tafin hannu a dunƙule. Da hunturu a ƙara zuwa minti goma don gaɓoɓi sun fi sandarewa. Kada a juya wuya zagaye kamar yadda 'yan ƙwallo ke yi, yana kawo jiri. A dai waiwaya dama da hagu a hankali. Wanda ya tashi daga barci ya fara zama a bakin gado minti ɗaya kafin ya miƙe.

Mataki na 5: Ƙarfin ƙafa

In da abu ɗaya kawai dattijo zai yarda ya yi, to wannan ne, kuma a cikinsa ma tashi daga kujera ne kan gaba. Da tsokar cinya ake tashi daga sujada, da ita ake tashi a banɗaki, da ita ake fita daga mota.

Ga yadda ake yi. A matso bakin kujera. A buɗe ƙafafu daidai faɗin ƙugu, a ɗan ja diddige baya ya shige ƙarƙashin gwiwa. A sunkuyo da ƙirji gaba har hanci ya kai saitin yatsun ƙafa, baya a miƙe, sannan a danna ƙasa da diddige a tashi ana fitar da numfashi. Wajen komawa ne aikin yake: a tura ƙugu baya, a sauka ana ƙirga ɗaya, biyu, uku, a taɓa kujera a hankali. Wanda ke sakin jiki ya faɗa tim a kan kujera ya zubar da rabin amfanin, ya kuma jijjiga ƙashin bayansa.

A fara da sau 5, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake 5. Duk mako a ƙara ɗaya ko biyu har a kai 12 sau biyu. Wanda bai iya tashi ba dafawa ya ɗora matashi mai tauri a kan kujera ta ƙara tsayi, ya dafa cinyoyinsa. Bayan mako biyu ko uku ya rage zuwa hannu ɗaya, daga baya ya cire matashin. Wanda 12 ta zame masa wasa ya rungume babbar gorar ruwa a ƙirji.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa. Na ɗaya, gwiwoyi su riƙa haɗewa ciki lokacin tashi, wanda ke ƙara cin gwiwa. Maganinsa a lura gwiwa na kallon inda yatsun ƙafa ke kallo. Na biyu, riƙe numfashi da yunƙuri. Wannan yana cilla jini sama nan take, yana kuma tsananta gwaiwa da basir. Hanya mafi sauƙi ta hana shi ita ce a riƙa ƙirgawa da baki, don mai magana ba ya riƙe numfashi.

Sai ɗage: a dafa bayan kujera ko ƙarfen taga, a tashi a kan yatsu, a tsaya sakan biyu, a sauka a hankali, sau 10. Sai akasinsa: a jingina baya da bango, a ɗaga yatsu diddige na ƙasa, sau 10. Wannan na biyun mutane suna raina shi, alhali tsokar gaban ƙwauri ce ke ɗaga kan ƙafa ta tsallake dokin ƙofa. Idan ta yi rauni sai a ga tsoho yana jan ƙafa yana yawan tuntuɓe. Sai ɗaga ƙafa gefe, a miƙe, yatsu na kallon gaba, ba tare da karkata jiki ba, sau 8 kowace ƙafa.

Ga masu ciwon gwiwa mai tsanani: a zauna, a miƙar da ƙafa ɗaya gaba har gwiwa ta miƙe, a ɗaure cinya sakan biyar, a sauke, sau 10. Zama wuri ɗaya ba ya warkar da gwiwar da ta cinye, ƙara sandarar da ita yake, kuma cinyar da ta yi ƙarfi tana rage mata kaya. Ma'aunin ciwo shi ne: ɗan ciwon da ake iya jurewa wanda ya lafa kafin washegari ba matsala. Idan gwiwa ta kumbura, ta yi zafi, ko ciwon ya wuce awa 24, an yi yawa, a rage rabi. Kada a sha diclofenac ko ibuprofen ko haɗin da ake yi a kemis don a samu damar yin atisaye. Suna ɓoye gargaɗin da jiki ke bayarwa, kuma a jikin tsoho suna taɓa ƙoda, suna kawo gyambon ciki, suna ɗaga jini.

Mataki na 6: Hannu, kafaɗa da baya

A tsaya nesa da bango tsawon hannu, a dafa shi daidai kafaɗa, a lanƙwasa gwiwar hannu ƙirji ya kusanci bango, a tura a koma, sau 8 zuwa 10. A riƙe gora a kowane hannu a naɗo ta zuwa kafaɗa sau 10. Sannan a zarga tiyub a ƙarfen taga daidai ƙirji, a ja shi zuwa haƙarƙari ana matse allon kafaɗu a baya. Wannan ne ke yaƙi da ranƙwafawar baya.

A duba tiyub kafin kowane ja, in ya fara tsagewa a jefar, kuma kada a taɓa jan sa saitin fuska. Matan da suka daɗe da daina al'ada, da duk wanda ya taɓa karyewa a ƙaramar faɗuwa ko tsayinsa ya ragu, ƙashinsu na iya zama ya yi laushi. Su guji sunkuyawa a taɓo yatsun ƙafa da ƙarfi, da kwanciya ana tashi zaune don rage tumbi, da murɗa ƙugu da nauyi a hannu.

Mataki na 7: Daidaita tsayuwa

Wuri mafi aminci shi ne kusurwar ɗaki: bango biyu a baya, kujera a gaba. A bi wannan tsani, kada a hau na gaba sai an riƙe na baya sakan 10 zuwa 20 ba tangaɗi. Ƙafafu a haɗe. Sannan ƙafa ɗaya ta ɗan wuce ɗaya, gefensu na taɓa juna. Sannan diddige a bakin yatsu. Sannan ƙafa ɗaya a sama. A kowane hawa a fara da dafawa da hannu biyu, a koma ɗaya, a koma ɗan yatsa, sai a saki. Idan wannan ya zauna, a yi tafiyar diddige-bakin-yatsu taku goma a gefen bango, da tafiya gefe-gefe.

Ɗan rawar idon sawu da ake ji shi ne aikin, a nan ƙafa ke koyo. A kafa ido a wani abu a bango, kada a kalli ƙasa. Ba a yin wannan da safa a kan tayil, ba a yi a wurin alwala, kuma wanda ya kasa gwaji na uku kada ya yi shi kaɗai a gida. Minti biyar ya isa, ana iya yi kullum.

Mataki na 8: Tattaki

A fara da minti 10, ko 5 ga wanda ya daɗe a zaune. A ƙara minti biyu ko uku duk mako har a kai 30, kwana biyar a mako, shi ke nan 150 ta cika. Raba shi gida uku na minti goma-goma ma ya yi, kuma ga mai sukari tafiyar minti goma zuwa sha biyar bayan cin abinci tana rage tashin sukarin. Saurin da ake so shi ne wanda mutum zai iya hira amma ba zai iya jan karatu ko waƙa ba. Tafiyar da ake tsayawa gaisuwa a kowace majalisa ba ta shiga lissafi, sai dai a gama tukuna a dawo a yi gaisuwar.

Lokaci ya danganta da yanayi. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato, Kano, Maraɗi da Damagaram, don haka bayan Asuba ne ko dab da Magariba, ba da rana ba. Da hunturu a jira hazo ya ɗan ɗaga, mai asma ko tari ya sa takunkumi ko ya yi nasa a cikin gida. Da damina a kula da gansakuka a kan siminti. Ƙishirwa ba ta saurin kama tsoho ko jikinsa ya bushe, saboda haka a sha kofi ɗaya kafin fita da ɗaya bayan dawowa, sai wanda likita ya ƙayyade wa ruwa saboda zuciya ko ƙoda.

A titi a bi gefen hagu ana fuskantar motocin da ke tahowa, a sa kaya masu haske in da duhun asuba ne, saboda babura da adaidaita. Babbar riga da zani ko hijabi mai jan ƙasa suna harɗe ƙafa. Matan da ba sa fita, tsakar gida ta wadatar: a share hanya daga bakin zaure zuwa madafa, a yi ta kai da komo ana duba agogo, a riƙa juyowa da ƙananan taku maimakon juyi ɗaya. Mai sanda ya riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar mai ciwo, kanta ya tsaya daidai wuyan hannu in an saki hannu, a sa mata roba a gindi.

Mai niyyar Hajji ko Umra ya fara aƙalla wata uku kafin tafiya. Safa da Marwa kaɗai sau bakwai kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi da zuwa jifa daga Mina. Ya yi tattakinsa da takalmin da zai yi harami da shi don ƙafa ta saba.

A tsaya nan take idan an ji nauyi ko zafi a ƙirji, ko ya sauka hannu ko muƙamuƙi, ko jiri, ko gumi mai sanyi, ko numfashi ya sarƙe, ko baki ya karkace, magana ta harɗe, hannu ya saki. Wannan na asibiti ne a take, ba na shafa man zafi a jira gari ya waye ba. Mai sukari da ya ji rawar jiki, yunwa da gumi ya zauna ya sha sukarinsa, ya sake awo bayan minti 15.

Mataki na 9: Sauka ƙasa da tashi

A koyi wannan bayan mako huɗu na Mataki na 5, da wani a kusa, a kan katifa mara kauri. Daga kwance a mirgina gefe, a tokare da gwiwar hannu a zauna, a juya a durƙusa a kan hannuwa da gwiwoyi, a rarrafa zuwa kujera, a dafa ta da hannu biyu, a kawo ƙafa mafi ƙarfi gaba tafinta a ƙasa, a yunƙura a juya a zauna. A huta kafin a miƙe. Wanda aka sa wa ƙarfe a gwiwa ko kwatangwalo ya tambayi likitansa kafin ya durƙusa. Idan tsoho ya faɗi yana kukan ƙugu ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, kada a finciko shi ta hammata, a bar shi kwance a nemi abin ɗaukarsa a miƙe.

Mataki na 10: Tsarin mako da ƙari

Litinin da Alhamis a yi Mataki na 5 da na 6, kamar minti 20. A bar aƙalla kwana ɗaya tsakaninsu, domin a ranar hutu ne tsoka ke ginuwa. Daidaita tsayuwa kwana uku ko fiye, tattaki kwana biyar. Abu ɗaya ake ƙarawa a mako, ko lokaci ko nauyi. Tsamin jiki na kwana biyu zuwa uku a farko ba ciwo ba ne, kuma a nan yawanci ake watsarwa. Tafiya a hankali ta fi kwanciya saurin sakin sa. Tsoka kuma ba ta ginuwa da koko da tuwo kaɗai, a samu wake, ƙwai, kifi, awara, nono ko gyaɗa a kowane cin abinci, sai mai ciwon ƙoda wanda zai bi abin da aka tsara masa.

Da azumi a rage yawa kada a daina, a mayar da atisaye awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki. Ba a motsa jiki da zazzaɓi. Bayan maleriya ko wata jinya a dawo da rabin abin da ake yi, a hau a cikin mako biyu.

Bayan mako shida a maimaita gwaje-gwajen Mataki na 3 da kujera ɗaya da takalmi ɗaya, a kwatanta da abin da aka rubuta. Idan lamba ba ta motsa ba, a duba ko atisayen ya yi sauƙi da yawa ko ana tsallake kwanaki. Idan kuwa sakamakon ya koma baya, ko an faɗi a tsakani, ko jiri bai daina ba, a koma wurin likita a nemi a tura mutum sashen gashi na babban asibiti, irin na Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a tafi da takardar da aka rubuta sakamakon a kai da ledar magunguna.